Mac ko Windows, Photoshop ko waninsa: Abin da mai sana'ar hoto zai duba kafin ya zuba kuɗinsa

An gama biki, baƙi sun watse, amarya ta tare. Bayan mako uku kundin hotuna ya dawo daga wurin masu bugawa, uwar amarya ta buɗe shafin farko ta yi shiru. Ankon da dangi suka yi wata guda suna ja-in-ja kafin su tsayar da shi a ruwan hoda ya fito ruwan goro. Fuskar amarya, wadda mai kwalliya ta ɓata rabin wuni a kanta, ta yi toka-toka.

Mai hoton zai iya rantsuwa cewa a kwamfutarsa komai daidai yake, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya gani ke nan. Fuskar kwamfutar ce ta yaudare shi. Sai dai wannan bayani ba ya fito da cikon kuɗin da aka riƙe, kuma ba a sake biki don a sake hoto.

Duk inda masu ɗaukar hoto suka haɗu, a Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, da wuya a tashi ba a taɓo tsohuwar gardamar nan ba: Mac ta fi ko Windows? Matashin da ya tara kuɗin aikin bikin aure biyar ko shida yana son sayen kwamfutarsa ta farko, wannan ce tambayar da yake fara yi. Amma a cikin abubuwan da ke ɓata aiki ko su gyara shi, tambarin da ke bayan murfin kwamfuta yana can ƙasa-ƙasa.

Daga ina sunan Mac ya samo asali?

Akwai dalilin da ya sa ake danganta Mac da aikin hoto. Wasu 'yan'uwa biyu Amurkawa, Thomas da John Knoll, su suka ƙirƙiro Photoshop, kuma lokacin da kamfanin Adobe ya fito da ita kasuwa a Fabrairun 1990, a kan Macintosh kaɗai take aiki. Sai da aka yi kusan shekara uku kafin masu Windows su samu tasu. A tsakanin nan gidajen jarida da kamfanonin talla na Turai da Amurka sun riga sun cika ofisoshinsu da Mac, sunan kuma ya bi ta har yau.

Yanzu wannan bambanci ya kau. Photoshop da Lightroom iri ɗaya ne a kan na'urorin biyu, lasisi ɗaya ne ke buɗe su, kuma hoton da aka gyara a ɗaya ba wanda zai kalle shi ya ce ga inda aka gyara shi. Bambancin da ya rage yana jikin ƙarfen ne: allo, batir, gyara da farashi.

Allon da ke faɗin gaskiya

Yawancin kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, an ƙera su ne don ma'aikatan ofis. Suna da ƙwari, suna jure wahala, amma da yawa daga cikinsu an sa musu allo mai arha, domin mai rubuta wasiƙa da lissafin albashi ba ruwansa da ko ja ya cika ja.

Akwai ma'aunin launi da ake kira sRGB, wanda HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, kuma shi intanet da mafi yawan wuraren wanke hoto suke bi. Allo mai arha sau da yawa ba ya iya nuna ko kashi biyu cikin uku na launukan da ke cikin wannan ma'auni. Mai gyara yana kallon atamfa ya ga ta koɗe, sai ya ƙara mata launi har ta yi masa daidai a ido. Idan hoton ya je wayar mai shi ko takarda, sai a ga an zuba launi kamar an yi ɓarin fenti. Wani allon kuma yana rinjaya zuwa shuɗi, mai gyara ya yi ta ƙara ɗumi don ya daidaita, ruwan hoda ya tashi daga aiki ya koma ruwan goro.

A nan Mac tana da fifikon da ba a musu. Ko mafi arhar MacBook ta 'yan shekarun nan tana zuwa da allo mai kyau wanda aka daidaita tun daga masana'anta. A ɓangaren Windows akwai masu allon da ya kai wannan, har da wanda ya fi, amma sai an bincika lambar samfurin, domin kwamfuta biyu masu suna ɗaya za su iya zuwa da allo daban-daban. Mai sayarwa zai yi ta nanata cewa Core i7 ce. Da wuya ya ambaci allo, shi ma mai saye da wuya ya tambaya.

Wanda ya riga ya sayi irin wannan kwamfuta bai yi asara ba. Allo na daban, nau'in IPS da aka rubuta cewa yana cika sRGB, ya fi sabuwar kwamfuta sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma yana magance mafi yawan matsalar. Akwai kuma 'yar na'urar da ake rataya wa a fuskar allo ta auna launinsa ta daidaita shi, irin su Spyder ta Datacolor da ta Calibrite. Ba kullum ake buƙatarta ba, don haka situdiyo huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya ta riƙa zagayawa kamar adashi.

Ko allon Mac ɗin ma yana da tarkonsa. Yana da haske sosai, kuma wanda ya gyara hoto a kan cikakken haske zai ga hoton ya yi duhu a takarda, domin takarda ba ta da fitila a bayanta. Masu bugawa kan rage hasken zuwa wajen rabi. Sannan akwai True Tone da Night Shift, waɗanda ke sauya launin allo gwargwadon hasken ɗaki ko lokacin dare. Suna hutar da ido, amma dole a kashe su yayin gyara.

Wuta

Masu sharhin kwamfuta na ƙasashen waje ba sa sa wutar lantarki a lissafi. A arewacin Najeriya kuwa ita ce kan gaba. A Oktoban 2024 jihohin arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. A Afrilun shekarar ne kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane ma'auni. Fetur ɗin janareta kuma kowa ya san inda ya kai tun bayan cire tallafi a 2023.

A Nuwamban 2020 Apple ya fara sa wa Mac ƙwaƙwalwar da ya ƙera da kansa, wato M1, a maimakon ta Intel. Abin da wannan ya kawo shi ne ƙarfi mai yawa da cin wuta kaɗan. Cajar MacBook Air ta M1 wat 30 ce kacal, abin da ƙaramin sola da inbata za su ɗauka ba tare da kuka ba, batirinta kuma yana kai mutum sa'o'i masu yawa yana aiki. Kwamfutocin wasan gem da masu gyaran hoto ke so a ɓangaren Windows kan zo da caja mai wat 180 ko fiye, kuma da an zare su daga wuta sukan rage gudu don kada batir ya ƙare nan take. Ta kan tebur kuwa, da wuta ta ɗauke ta mutu, sai in an haɗa ta da abin riƙe wuta.

Sai dai MacBook Air ba ta da fanka. A lokacin hunturu wannan alheri ne, domin ba abin da zai zuƙo ƙura ya cusa mata. A Afrilu kuwa labari ya sha bamban. Apple ya ce a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri kuma yana haura 40. Idan aka sa ta fitar da ɗaruruwan hotuna a jere a shagon da ba iska, za ta ɗau zafi ta rage gudu da kanta.

Ranar da ta lalace

Inda Windows ke rama bashi shi ne wurin gyara. ThinkPad ko EliteBook ta samu matsala, akwai mai gyara da kayan gyara a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, in ta yi tsanani a aika Computer Village a Ikeja. A yawancinsu ana iya ƙara RAM, a sauya ma'ajiya, a sa sabon batir. Mutum zai iya farawa da kaɗan ya riƙa ƙarawa yayin da aiki ke shigowa. Idan kuma ta kan tebur ce ya haɗa, kuɗin MacBook ɗaya zai ba shi ƙarfin da ya fi nata.

MacBook ta zamani kuwa, RAM da ma'ajiyarta a manne suke da allon ciki. Abin da aka saya da shi, da shi za a rabu. Wanda ya sayi mai RAM 8GB don ta fi arha zai gane kurensa ranar da ya buɗe Lightroom da Photoshop tare. Apple da kansa ya mayar da 16GB mafi ƙaranci a sabbin Mac a Oktoban 2024, kuma wannan shi ne ma'aunin da ya dace a riƙe a kowane ɓangare. Apple ba shi da shago nasa na kansa a ko'ina a Afirka, sai dillalan da ya amince da su, waɗanda a Najeriya suka fi yawa a Legas da Abuja.

Kasuwar na hannu tana da ramuka biyu a yanzu. Na farko tsofaffin MacBook masu Intel, waɗanda ake sayarwa da sauƙi saboda Turawa suna rabuwa da su. Apple ya sanar a 2025 cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau kan Mac mai Intel, mafi yawansu ma tun kafin nan aka bar su a baya, Adobe kuma ba ya daɗewa yana tallafa wa tsohon tsari. Waɗanda aka yi tsakanin 2016 da 2019 suna da wani ƙarin aibi: madannansu sun yi ƙaurin suna wajen maƙalewa idan ƙura ta shiga. Na biyu kuma kwamfutocin Windows 10, wadda Microsoft ya daina tallafa wa a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 a hukumance tana buƙatar Intel zubi na takwas zuwa sama, don haka i7 zubi na shida ko na bakwai, komai kyan jikinta, kwananta ya kusa ƙarewa.

Mai sayen Mac ta hannu kada ya biya sai an goge ta a gabansa an sake kunnawa, ya ga ba ta nemi asusun tsohon mai ita ko na wani kamfani ba. Wadda aka kulle ta wannan hanya ba ta da maraba da faranti.

Manhaja: haya ko mallaka

Masu farawa kan ɗauka Photoshop ce komai. A gaskiya mai hoton biki ya fi buƙatar irin su Lightroom, wadda ta fito a 2007. Tsakanin kamu da ɗaurin aure da dina mutum zai iya dawowa da hoto 2,000. Idan a tsarin RAW ya ɗauka da kyamara mai megafiksel 24, kowane ɗaya ya kai wajen 25MB, jimla kusan 50GB. Lightroom an yi ta ne don a zaɓe, a ware, a gyara haske da launin hoto ɗaya sannan a shafa gyaran a kan ɗari da aka ɗauka a wuri guda. Photoshop ta hoto ɗaya-ɗaya ce: goge igiyar wuta da ta ratsa bayan ango, gyaran fata, haɗa fosta.

Amfanin RAW kuma ba ƙawa ba ne. JPEG tana riƙe matakin haske 256 ne a kowane launi, RAW mai bit 14 tana riƙe 16,384. Ango cikin farar shadda a tsakar rana, kusa da abokinsa mai duhun fata: a irin wannan hoto ne ake gane bambancin, domin a RAW ana iya dawo da aikin zaren da ke wuyan rigar ba tare da fuskar abokin ta nutse ba.

Matsalar ita ce kuɗi. Tun 2013 Adobe ya daina sayar da sabbin sigogin Photoshop a biya sau ɗaya, ya koma karɓar haya. Shekaru da dama kunshin masu hoto, Photoshop da Lightroom tare, yana kan dala 9.99 a wata. Daga Janairun 2025 aka rufe wannan ga sabbin shiga, ya rage mai dala 19.99 a farashin Amurka, wato kusan dala 240 a shekara. Lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance, kafin Yunin 2023, wannan bai wuce naira 110,000 da 'yan kai ba. Idan aka lissafa ta a naira 1,500, ya zama 360,000. Ko mai kuɗin ma ya sha fama, domin a 2022 bankunan Najeriya da dama sun hana biyan kuɗin waje da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka dawo da shi. Akwai kuma sharaɗin da mutane ba sa karantawa: tsarin shekara da ake biya wata-wata, in aka fasa a tsakiya, ana cajin rabin abin da ya rage. Kan wannan ne hukumomin Amurka suka maka Adobe a kotu a Yunin 2024.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa situdiyo da yawa da fasasshiyar manhaja suke aiki, wadda ake loda wa mutum a kasuwa kan kuɗi kaɗan. Ban da maganar haƙƙin masu ita, akwai haɗarin da ya shafi sana'ar kai-tsaye. Ta irin wannan ƙofa ce ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shiga, har da masu kulle fayiloli su nemi fansa, a na'urar da ke ɗauke da hotunan matan mutane. Tsohuwar siga kuma ba ta gane RAW na sabuwar kyamara.

Abin da ya sauya lissafi kwanan nan shi ne Affinity. Kamfanin Serif na Ingila ne ya yi ta, Canva ya saye shi a Maris 2024, kuma a ƙarshen Oktoban 2025 aka haɗe manhajojinta uku, ta hoto da ta zane da ta tsara shafi, aka sake su kyauta ga masu Mac da Windows. Ana buƙatar buɗe asusun Canva, kayan ƙirƙirarriyar basira kuma sai an biya. Tana yin mafi yawan abin da mai situdiyo ke yi da Photoshop, tana buɗe fayil ɗin PSD, tana aiki da launukan maɗaba'a. Abin da ba ta da shi shi ne rumbun tsara dubban hotuna irin na Lightroom. Wannan giɓi darktable za ta iya cikewa, ita ma kyauta, har a kan Linux, sai dai koyonta yana son haƙuri, kuma darussanta a YouTube ba su kai na Adobe yawa ba. GIMP ta fitar da siga ta 3 a Maris 2025 da gyare-gyare masu kyau, amma a aikin bugawa har yanzu tana baya. Capture One ta ƙasar Denmak kuwa, masu hoton kaya da tufafi suna yabonta wajen launi da haɗa kyamara da kwamfuta kai-tsaye, amma ba ta mai neman sauƙi ba ce.

Duk wadda aka zaɓa, akwai abin da ya kamata a sani. Gyaran da aka yi a Lightroom ba a jikin hoton yake ba, yana cikin kundin manhajar ne, kuma wata manhajar ba ta karanta shi yadda yake. Idan haya ta ƙare, Lightroom Classic za ta bar mutum ya ga hotunansa ya fitar da su, amma sashen gyara zai rufe. Masu amfani da Aperture, manhajar da Apple ya fitar a 2005 ya kuma yi watsi da ita a 2014, sun ɗanɗana wannan: aikin shekaru ya maƙale a manhajar da daga baya ta daina buɗewa a sabbin Mac. Shi ya sa duk aikin da aka kammala ya kamata a fitar da shi a JPEG mai cikakken inganci ko TIFF, a ajiye tare da RAW ɗinsa a ma'ajiya biyu daban-daban.

Inda hoton zai ƙare

Mai aikin fosta da kalanda da banar siyasa yana da wani abin dubawa. Maɗaba'u da yawa a Najeriya da CorelDRAW suke aiki, a kan Windows. Akwai ta Mac tun 2019, amma wanda kullum yake musayar fayil da masu bugawa zai fi samun sauƙi idan yana kan abin da suke kai. Hatta faifan ajiya yana iya kawo cikas: wanda aka tsara a NTFS, Mac za ta karanta amma ba za ta rubuta a kai ba, wanda aka tsara a APFS kuma Windows ba ta ma ganinsa. Tsarin exFAT ne ke shiga ko'ina.

Mai ɗaukar hoton labarai kuma buƙatarsa ta fi ta kowa sauƙi, domin abin da aka yarda ya taɓa kaɗan ne: haske, yanke gefe, daidaita launi. A Maris 2024 manyan kamfanonin dillancin labarai, ciki har da AP da Reuters da AFP, sun janye hoton Gimbiya Kate ta Birtaniya da 'ya'yanta bayan sun gano an taɓa shi. Abin da ɗan jarida ke nema shi ne batir mai daɗewa da saurin aikawa, kuma sau da yawa Lightroom ta waya ko Snapseed sun wadatar.

Mafi yawan hotunan biki ma a waya ake kallonsu. Wanda ya fitar da hoto a ma'aunin Adobe RGB don ya ji an ce ya fi faɗi, zai iya ganin launinsa ya mutu a wasu wayoyin da wurin wanki, don haka sRGB ya fi aminci. WhatsApp kuma yana matse hoto, sai an tura shi a matsayin fayil yake isa yadda aka gyara shi.

Kafin a aika kundi gaba ɗaya wurin bugawa, akwai gwajin da tsofaffin hannu ke yi wanda bai fi kuɗin kati ba. A zaɓi hoto uku: fuskar amarya daga kusa, 'yan anko a tsaye, da ango cikin fararen kaya a rana. A wanke su ƙanana a wurin da za a buga kundin, a dawo da su a riƙe kusa da allo da rana, a gefen taga. Idan ruwan hoda ya karkata, a nan za a gani, tun sauran shafi arba'in ɗin ba su shiga inji ba.